Jan Zane a Kan Soro

Da sunan Allah nake sake ɗaukar alƙalamin nan. Abin da zan rubuta yau shi ne wanda na fi daɗewa ina kewayawa, kamar mai kewaya bakin rijiya. Ku 'ya'yana kun tashi kuna jin ana cewa alfahari ne ya raba babanku da jirgi, wai makaɗi ya zuga shi ya sauko ƙasa-ƙasa a kan kasuwar Dutsin-Ma don a gan shi, shanu suka tsinke, rai ya salwanta. Kun ji a bakin dangi, kun ji a bakin 'yan makarantarku. Kai Sani har dambe ka taɓa yi a kan maganar, ka dawo mani da yagaggiyar riga. Ban taɓa ce maku ƙarya ce ba, ban kuma ce gaskiya ce ba. Yanzu idona ya fara gazawa, karatun nawa kuwa na yaƙi da jahilci ne, to ku yi haƙuri da rubutun, ku dubi maganar.

Daga Kurfi aka kawo ni Dutsin-Ma, gidan Iya, mahaifiyar babanku, wanda bayansa ke kallon kara, inda ake cinikin shanu ranar kasuwa. Babanku a lokacin yana tuƙa wa wani kamfanin gyaɗa da fatu ƙaramin jirginsu mai kujera huɗu. Da kanikanci ya fara a filin jirgi na Kano, wani Bature ya ga hannunsa, aka tura shi ya koyo tuƙi. A zamanin ba a cika ganin ɗan ƙasa a wannan kujera ba, don haka mutanen gari ke ce mashi Kyaftin, suna ganin kamar gidan sarauta aka kai ni. Ni dai abin da na sani na aikin shi ne fararen riguna uku da nake wankewa da bula in goge da dutsen guga na gawayi, da baƙar jaka mai taswira da littafin da yake rubuta kowace tafiya, da dambun naman da nake ƙulla mashi don ya ce abincin otal ba ya riƙe ciki. Yakan yi kwana goma ko fiye ba mu gan shi ba. Kano, Gusau, Sakkwato, Jos, wani lokaci har Maraɗi, duk inda turawan kamfanin ke son ganin kayansu. In ya ajiye jirgi a Kano sai ya hau motar haya ya zo mana, ya kwana biyu ya koma. Warin man jirgi ba ya barin jikinsa ko da wane sabulu ya yi wanka.

Wata rana yana cin tuwo ya ce mani, "Rabi, mutane na tsammanin a sama nake rayuwa. Aikin nan jira ne. In duba taya, in tsiyayo mai a kwalba in ɗaga in ga ko da ruwa a ciki, sannan in zauna ƙarƙashin fiffike kamar mai tallar rake. Bature ya ce ƙarfe takwas, sai azahar. In ya zo kuma ni ne na makara."

Na ce, "To ka bari mana, Malam, ka dawo ka kama awon hatsi kamar Babana."

Ya ce, "Ke ba ki taɓa ganin garin nan daga sama ba. Kamar an kifa ƙore a tsakar gida."

Abin da ke cinye mashi wannan jira shi ne kiɗa. Duk garin da ya sauka sai ya nemi inda ake yi. Ya ji goge a Kano, ya ji masu busa ƙahon turawa a wani otal a Jos, ya zo yana kwaikwaya mani da baki har Iya ta leƙo ta ce ita dai a saninta ba ta haifi maroƙi ba. Amma duk cikinsu babu wanda yake so kamar Bawa mai kukuma, wani siririn mutum ɗan Barkiya da ke zama bakin tasha ranar kasuwa. In babanku ya zo gida sai ya aika a kira shi, a shimfiɗa tabarma a zaure bayan la'asar, mu mata mu laɓe bayan ƙofa muna ji. Babanku yakan rufe ido ya jingina da bango, yatsunsa na bugun gwiwa. Bawa ya yi mashi waƙa, amshinta kawai na riƙe:

Na Rabi mai dokin ƙarfe,
sauko ƙasa mu gan ka.

Duk garin an iya ta. Yara na yi in sun ji ƙarar jirgi, ko ba nasa ba ne. Ni ma ina yi a zuci ina daka, ba zan ɓoye maku ba.

Yayanku da ba ku sani ba, wanda ba zan kama sunansa ba, ƙyanda ce ta ɗauke shi bai cika shekara ba, babanku na Jos. An buga mashi waya daga gidan waya, saƙon ya je ofishinsu na Kano ya kwanta a kan tebur. Ya iso bayan sadakar uku, da 'yan takalma ƙanana a cikin baƙar jakar. Tun daga nan ban ƙara zama daidai ba. Da na haife ka, Sani, sai na zama mai taɓa goshi. Ina cikin tuƙa tuwo in ajiye muciya in je in taɓa ka. Kana barci in sa kunne a ƙirjinka. In ka yi atishawa ɗaya, ni na riga na ga maza sun jeru a ƙofar gida.

Hanyar Kano zuwa Sakkwato ta kanmu take bi, kuma kafin babanku ya tafi yakan gaya mani ranar da zai wuce. Ni na kawo shawarar. Na ce akwai tsani ta cikin gida da muke hawa soron Iya mu yi shanya. Ranar da zai wuce, in kowa lafiya, zan shimfiɗa farin zane. In ya ga jan zane, to da ya sauka ya nemi mota ya taho, kada ya jira wayar kowa.

Iya ta ce, "Wannan kuma wane sabon salo ne? Matar aure na magana da mijinta ta kan soro, duk gari na kallo. A zamaninmu in namiji ya tafi fatauci, sai dai a bar shi da Allah."

Babanku ya ce, "Iya, babu wanda zai gane. Shanya ce kawai." Sannan ya juyo gare ni. "Amma ki yi mani alkawari ɗaya. Na san ki. Ba za ki shimfiɗa jan ba sai Iya ta duba yaro ta ce a shimfiɗa."

Na yi alkawari. Wata da watanni farin nake shimfiɗawa. Jirgin yakan zo da hantsi, can sama kamar shirwa, ya karkata fiffike sau ɗaya ya wuce. Wannan karkatawar ita ce sallamarmu, kuma da ita nake rayuwa har wata ta zo.

Akwai wata bafillatana, Dudu, daga wata ruga a Wurma, da ke kawo mana nono da man shanu kowace kasuwa. Ita ma tana da goyo, ɗiya mace, sa'arka Sani. Takan sauke ƙwarya ta ɗauke ka ta jijjiga, ta ce wai kai ne mijin ɗiyarta. Ranar da abin ya faru lokacin kaka ne, an gama yankan gero. Ka tashi da ɗumin jiki, kana ƙin nono, kana ta miyau. Iya ta sa yatsa a bakinka ta ce haƙori ne. Dudu ta shigo da sallama, ita ma ta taɓa ka.

Ta ce, "Kaɗo, ke dai akwai tsoro. Surukina haƙori yake yi, zai fara cin naman shanunmu. Jiƙa mashi tsamiya ki bar shi."

Na ce, "Haka wancan ma ya fara."

Ta ce, "Wancan Allah ya karɓi abinsa. Wannan naki ne. Bari in kwantar da amaryarsa kusa da shi, ta yi barci a hanya. In sayar da sauran nonon in dawo."

Ta kwance goyon ta kwantar a tabarmata, ta ɗauki ƙwaryarta ta nufi gindin tsamiyar bakin kara, inda masu nono ke zama. Iya ta turo mani kwandon barkono ta ce tunda zan hau yin shanyar tawa, in shanya mata wannan ma, rana ta yi kyau. Na saɓa farin zane a kafaɗa yadda za ta gani. Jan kuwa na ɗaura shi a ƙugu, ƙarƙashin zanen jikina. Da na hau sai na ture kwandon gefe, na shimfiɗa jan. Duwatsu uku ne kawai a soron, na danne kusurwa uku na sauko. Ba zan ce shaiɗan ba ne, don na gaji da ɗora wa wasu. So nake ya zo, shi ke nan. Na ce a raina gara ya zo ya yi mani faɗa da ya zo da takalma.

Da hantsi ya yi na ji ƙarar. Babanku ya bar turawan a Sakkwato, yana komawa Kano shi kaɗai. Bai karkata fiffike ba. Ya wuce, sai na ji ƙarar ta juyo, ta fi ta farko ƙarfi. Daga baya ya gaya mani abin da yake nema: so yake ya ga ko an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ko maza sun taru. Ranar kasuwa ce, titinmu cike da mutane, daga sama ba ya iya rabe masu wucewa da masu zaman makoki. Don haka ya ƙara saukowa. Da na fito tsakar gida na ɗaga ka sama, Sani, da ya gan ka ya tafi. Ban fito ba. Na rungume ka na shige ƙuryar ɗaki, don kada ya ga kana wutsil-wutsil ya gane na karya alkawari. A zagaye na uku ƙasa ta zubo daga rufin ɗakin, kwanonin jerena suka yi ta kaɗawa. A bakin tasha kuwa, an ce Bawa miƙewa ya yi tsaye da kukumarsa yana waƙar nan, jama'a na amsawa suna ɗaga huluna. Sai shanun kara suka tsinke igiyoyi.

Ban ga abin da idona ba. Ƙarar na ji, kamar an kwance kogi, sannan ihu. Kafin Iya ta dawo daga zaure inda ta je leƙe, na hau tsani da gudu na naɗe jan zanen na cusa a ƙugu, na zazzage barkonon na baza shi a soron, ja wur. Ban yi tunani ba, hannuwana ne suka yi, amma hannuwan nawa ne. Mutane da yawa sun ji ciwo ranar. Mutum ɗaya ce ta rasu. Shanun ta gindin tsamiya suka bi. Ɗiyar Dudu ta farka da azahar tana neman uwarta, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Na ɗauke ta na ba ta nonona, na sake ba ta, har dangin ubanta suka zo da la'asar suka karɓe ta, babu wanda ya dubi fuskata.

Babanku ya iso washegari da safe, da rigar aikin a jikinsa, bai ko tsaya a zaure ba. Ya ji labarin kasuwa tun a mota. Ya ɗauke ka, jikinka ya yi sanyi, ɗan farin haƙori ya ɓullo a dasashinka na ƙasa, kana kama maɓallin rigarsa kana dariya. Ya daɗe yana kallonka. Iya na zaune a kan turmi.

Ya ce, "Rabi, me na gani a soro jiya?"

Na ce, "Barkonon Iya ne, Malam. Ta ce in shanya. Na manta da farin a kafaɗata."

Iya ta ɗora hannu biyu a ka. Ta ce, "Ni na ba ta. Ni na ce ta shanya. Innalillahi, ni na kashe bafillatanar nan."

Ya dube ni. Sannan ya durƙusa gaban uwarsa ya sauke mata hannuwa, ya ce, "Iya, ba ke ke riƙe da jirgi ba. Maganar nan ta mutu a tsakar gidan nan."

Haka kuwa aka yi. A gaban alƙali da gaban turawan kamfani an tambaye shi me ya sa ya sauko. Ya ce kuskurensa ne, bai ƙara ko kalma ba. Da yake shi bai ba da dalili ba, sai gari ya nemo nasa, kuma ba a sha wahalar nema ba, tunda kowa ya ji Bawa na kiransa ya sauko. Aka karɓe mashi takardar tuƙi, kamfani ya sallame shi. Shi yana da dangi da masu tsaya mashi, aka yi sulhu da mutanen rugar a gaban manya. Bawa ba shi da kowa. A kasuwa ta gaba wasu samarin rugar suka tare shi a hanyar Barkiya da sanduna, suka fasa kukumar, suka karya mashi hannun hagu, wanda yake danna tsirkiya da shi. Ɗorin bai yi kyau ba. Kafin ya bar ƙasar zuwa Maraɗi ya zo ƙofar gidanmu, ina bayan ƙofa inda na saba laɓewa.

Ya ce, "Kyaftin, ka yafe mani. Bakina ne ya ja maka."

Na ji babanku ya ce, "Bawa, ba ka yi mani komai ba."

Bawa ya ce, "Kai dai mutumin kirki ne. Amma ni na san abin da na yi."

Tsakanina da su ƙyaure ɗaya ne. Kana bayana, Sani. Na buɗe baki, sai na tuna in na faɗa Iya za ta mayar da ni Kurfi, kai kuma a karɓe ka da an yaye ka, wata ce za ta riƙa taɓa goshinka ko ta ƙi taɓawa. Na rufe bakina na koma na ci gaba da tankaɗe.

Sauran kun sani, don a cikinsa kuka girma. Babanku ya zama direban babbar mota, yana ɗaukar hatsi da shanu zuwa kudu. Bai sake kiran makaɗi gidanmu ba, in ana biki ma yakan bi ta wani lungu. In jirgi ya wuce ba ya ɗaga kai, sai dai na lura cokalinsa kan tsaya har ƙarar ta ɓace. Iya ta rayu shekaru bayan haka, ba ta sake yarda a shanya barkono a gidan ba, kuma kowace kasuwa sai ta sayi nono ta bayar sadaka. Da wannan nauyin ta koma ga Allah, ni ce kuwa na yi mata wanka. Babanku bai taɓa yi mani gori ba. Na haifi sauranku, muka yi zamanmu, har na fara gaya wa kaina ƙila ma barkonon ne.

A ciwonsa na ƙarshe, wata la'asar, ina ba shi kunu a tsakar gida, iska ta taso ta kaɗa wankin da ke kan igiya. Ya bi shi da ido.

Ya ce, "Rabi, kin san barkono ba ya kaɗawa a iska."

Cokalin ya faɗi daga hannuna.

Ya ce, "Kusurwa ɗaya ba ki danne ba. Tun a zagaye na biyu na gan ta tana tashi."

Na ce, "Malam, duk shekarun nan? Ka bar Iya ta tafi a haka?"

Ya ce, "Na auna. Iya na da ni. Sani ba shi da wata uwa. Ban ce na auna daidai ba. Alhakin Iya da na Bawa suna wuyana, zan je in same su."

Na ce, "Ba wuyanka ba."

Ya ce, "To ki gaya wa yaran in na tafi. Ba don ni ba."

Na ce to. Wannan alkawarin ma sai da na daɗe ina kewaya shi, kun ga har jikokina sun fara aure. Jan zanen na nan a ƙasan aduduna, ban sake ɗaura shi ba, ban kuma iya yar da shi ba.

Abu biyu nake roƙo. Sani, ɗiyar Dudu ta sha nonona, 'yar'uwarka ce a shari'a. Ban san sunan da ake kiranta da shi yanzu ba, amma a Wurma ba za a rasa tsohon da ya tuna matar da shanu suka taka a kasuwar Dutsin-Ma ba. Ka neme ta, ka karanta mata wannan, kada ka tsallake komai. In an sami wani na Bawa a Barkiya ko Maraɗi, shi ma haka. Sannan duk wanda ya sake ce maku babanku ya sauko ne don a yi mashi kirari, ba sai kun yi dambe ba. Ku ce mashi ɗansa ya sauko nema, uwarku ce ta shanya zane. Allah ya jiƙan waɗanda suka ɗauki kayana suka riga ni tafiya.